Na Bayar Da Tsohuwar Motata Sadaka, Amma Kar Ku Yi Saurin Yaba Min

A bidiyon da na saka na gwajin na'urar OBD-II, wasu sun lura cewa motar da nake zaune a ciki ba ita ce wadda suka saba gani ba, har ana tambaya ina 'yar tsohuwa ta shiga. To, ta tafi. Na bar aikin kai abinci bayan na samu gurbin mataimakin bincike a sashenmu, sai na kira wata ƙungiyar agaji, suka turo motar janwe ta ɗauke ta daga ƙofar gida a nan Kolombus, jihar Ohayo. Tun daga ranar abokai suke ta "Allah ya saka da alheri", ni kuwa ina jin nauyi, domin na san abin da na bayar.

Mota ce 'yar Japan ƙirar 2008. Na saye ta dala 3,800 tana da mil 148,000, na rabu da ita tana da mil 221,000. Ba ta ci amanata ba, ni ne na cinye ta. Aikin kai abinci yana kashe mota ta hanyar da doguwar tafiya ba ta yi: ka tayar, ka yi mil biyu, ka kashe, ka sake tayarwa, sau talatin ko fiye a rana, birki da giya ba hutu. Ga gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, ya ci ƙasanta da tsatsa. A ƙarshe giyabos ya fara zamewa, na'urar kuma kullum lambar P0420 take nuna min, wato tukunyar tace hayaƙi ta gaji. Bakanike ya yi lissafi, kuɗin gyara ya ninka darajar motar.

Wani abu da ban gane ba sai da na zauna cike takardun haraji shi ne, kuɗin da manhaja ke nuna maka a ƙarshen mako ba riba ba ce. Hukumar haraji ta IRS ta ƙiyasta kuɗin tafiyar da mota don kasuwanci a kan santi 67 kowane mil a 2024, kuma santi 30 daga ciki na lalacewar motar ne kawai. Tsohuwar mota irin tawa ba ta kai haka tsada ba, na sani, amma ma'anar tana nan. Duk ledar abincin da na ajiye a ƙofar wani, da ɗan guntun motata a ciki. Shekara biyu da rabi ina sayar da ita kaɗan-kaɗan ina kiran kuɗin albashi. (Af, masu bizar karatu ta F-1, wannan aiki ba naku ba ne, doka ba ta yarda ba. Ni da katin zama na zo. Kar wani ya ga labarina ya jefa kansa a matsala.)

Yanzu maganar sadakar. Tallan da ake yi a rediyo yana sa ka ji kamar za ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ga lada, ga rangwamen haraji. Ga mai ƙaramin ƙarfi irina, rangwamen kusan babu shi. Ba ka cin moriyar kyautar mota sai idan ka zaɓi lissafa abubuwan da za a cire maka ɗaya bayan ɗaya, maimakon karɓar rangwamen bai-ɗaya, wanda a 2024 ya kai dala 14,600 ga mutum guda. Wane ɗalibi ne yake da abin lissafawa da ya wuce haka? Kuma tun 2005 dokar ta canza. Idan ƙungiyar ta sayar da motar a kan fiye da dala 500, abin da aka saye ta kawai za ka rubuta, ba farashin da kake ganin ta kai ba, kuma sai sun turo maka takardar 1098-C. Tawa ta zo, dala 620 aka sayar da motar a gwanjo. Na ajiye takardar a durowa, ko sisin kwabo ba ta rage min ba.

Abin da ya fi damuna shi ne nawa ne ya isa hannun mabukata. Galibin ƙungiyoyin nan ba su da motar janwe ko filin gwanjo, kamfanin 'yan tsakiya ne yake karɓar kira, ya ɗauko, ya sayar, ya cire nasa, sannan ya miƙa saura. Matsalar tsohuwa ce. A 2003 ofishin GAO, mai yi wa majalisar Amurka bincike, ya bi diddigin wasu motocin da aka bayar, ya gano cewa a yawancinsu abin da ya shiga asusun ƙungiyar bai wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da mai motar ya rubuta a takardar haraji ba. Ni sai bayan an tafi da motar na kira na tambaya. Matar da ta ɗauki waya ta yi min magana cikin mutunci, amma amsarta ita ce sai an cire kuɗin janwe da na gwanjo da na kamfani tukuna. Masu sayen ƙarfe sun taya ta dala 450, kuɗi hannu. Da na karɓa na tura kai tsaye, da na san ko nawa ne ya je.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: idan motarka ta mutu murus, sayar da ita ka ba da kuɗin. Idan har mota kake son bayarwa, nemi ƙungiyar da ke gyarawa ta ba iyalin da ba su da abin hawa, ka tambaye su kafin ka sa hannu, kashi nawa ne yake isowa gare su. Ka kuma duba sunansu a shafin IRS ka tabbatar suna da rajistar 501(c)(3). Wanda ya kasa ba ka adadi, ka ajiye waya.

To me ya sa ban yi nadama gaba ɗaya ba? Saboda zaɓin da ya fi ko wanne kuɗi shi ne mafi muni. Wani ɗan uwa da bai cika wata huɗu da zuwa ba, muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya ji zan rabu da motar, ya ce zai ba ni dala 1,500 ya fara aikin da na bari. Wallahi na kwana biyu ina juya maganar, don ina bukatar kuɗin. Da na'urar da na gwada muku, cikin daƙiƙa goma zan goge lambar P0420, fitilar gargaɗi ta mutu, ya zagaya unguwa ya ji komai lafiya. Bayan 'yan kwanaki za ta dawo, giyabos kuma ya ajiye shi a tsakiyar titi cikin sanyin Janairu da abincin mutane a baya. Na kai shi wurin motar, na jona na'urar, na nuna masa abin da take faɗa a wayata. Ya ɗan ji haushi, yana ganin rowa nake masa. Har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba.

Kawuna kuma ya kira daga Kumasi, wai in saka ta a jirgi, ai bakaniken Suame babu abin da ba ya tayarwa. Gaskiya ne, suna tayarwa. Amma kuɗin jirgi da na kwastan, da tarar da Gana ke ɗora wa motar da ta haura shekara goma, sun fi motar nesa ba kusa ba. Kuma rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 an fitar da tsofaffin motoci kusan miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Ban ga dalilin da zai sa hayaƙin da na ƙi shaƙa a Ohayo in aika wa 'yan uwana a zango ba.

Ga masu shirin rabuwa da mota ta kowace hanya, ku tuna mota ma na'ura ce mai riƙe bayanai. Ni na saka rediyon Android a tawa, yana ɗauke da asusuna na Google da adireshin ɗaruruwan gidajen da na kai wa abinci. Direban janwe yana tsaye yana duba agogo na tuna, na shiga na mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, na zare katin kyamarar gaba. Ku cire lambar mota, ku tabbatar an sauya suna a takardar mallaka, wadda a Ohayo sai an sa hannu a gaban mai hatimin shaida, sannan ku soke inshora. Idan sunanka ya rage a kanta, duk tarar da ta ci wasiƙar gidanka za ta zo.

Ɗan uwan nan ya samu wata motar a watan jiya. Ya turo min saƙo, ba sallama mai tsawo, yana tambaya ko zan ara masa na'urar kafin ya biya kuɗi. Ranar Asabar za mu je tare.