Littattafan Da Suka Hana Mu Barci A Bana

Ƴan makaranta, shekara ta zo ƙarshe, ga littattafan da muka fi jin daɗinsu. Ba sababbi ba ne, amma a bana ne muka sake buɗe su.

Na farko "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Mun ɗauka za mu leƙa shafi biyu ne mu ajiye, sai ga mu har tsakar dare muna dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna mugunta. Duk wanda ya ce littafin Hausa na tsofaffi ne, to bai gamu da Zurƙe ba.

Ƙannenku na firamare kuwa, ku nemo musu "Chike and the River" na Chinua Achebe. Yaro ne a Onitsha, burinsa kawai ya tsallaka Kogin Neja zuwa Asaba, ga shi ba kuɗin jirgi. Turancinsa mai sauƙi ne.

Abin da ya ɓata mana rai: kwafin "Magana Jari Ce" da muka ara an yage masa shafuka na ƙarshe. Don Allah in kun ara, ku mayar da shi lafiya, akwai masu jira.