Mu Koma Ga Tafiyar Ƙafa, Mu San Duwatsunmu

Duk wanda ya taso daga Aujara ya nufi Dutse, bayan ya ratsa jigayin rairayi da fadamun da ke kwance a tsakaninsu, ya wuce gonakin gero da na riɗi, da itatuwan kuka da gawo masu tsayuwa ɗaiɗai, ba zai kasa lura da yadda ƙasa take sauya kama ba yayin da ya doshi birnin, domin shimfiɗaɗɗen filin nan sai ya yanke, manyan duwatsu su taso, wani bisa wani, da lunguna da kwazazzabai a tsakaninsu, da dabino a gindinsu. Dubban mutane suna wuce su kullum a mota ko a kan babur, amma kaɗan ne ƙwarai suka taɓa sauka da niyyar su taka su da ƙafafunsu, su ga abin da Allah ya ajiye a cikinsu. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan gafala hasara ce gare mu ta fuskar lafiya da ta ilimi, kuma hasara ce ga duwatsun kansu da halittun da ke zaune cikinsu.

Mu fara da lafiya, tun da ita ce uwar jiki. Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanki Jihar Jigawa daga Jihar Kano aka mai da Dutse hedikwatarta, sai aka samu wani sabon rukuni na jama'a, wato ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa da malaman makarantu, waɗanda kakanninsu suke yin tafiyar yini a ƙasa don cin kasuwa ko sada zumunci, su kuwa ko masallacin unguwa sai sun tayar da babur. Sakamakon haka bai ɓuya ga kowa ba, don da wuya ka shiga majalisa ba ka ji ana zancen hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa ba, alhali masu kukan ba su tsufa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako. Kuma tafiya mai ɗan sauri tana cikin wannan lissafi, balle hawan tudu, wanda yake sa zuciya da huhu da cinyoyi aiki gaba ɗaya. Maniyyatanmu ma sun san haka da zarar sun isa Makka, inda sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da zirga-zirgar Mina. Wanda ya saba da hawan duwatsun garinsu kuwa ba ya isa can ya zama kaya a wuyan abokan tafiya.

Na san za a ce, manomin Aujara da ya yini da fartanya, da matar da ta ɗauko itace daga daji, da makiyayin da ya bi shanu tun hantsi, wane motsa jiki kuma ake nema musu? Gaskiya ne, kuma ba da su nake ba. Hasali ma su ne malamanmu a wannan fage. Za a kuma ce yawon dutse al'adar Turawa ce, ko kuwa aikin wanda ya rasa abin yi. To, sai mu tuna cewa Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a yi i'itibari, ya kuma jawo hankalin bayi ga duwatsu da raƙuma da tsuntsaye a matsayin ayoyi ga ma'abota hankali. Kuma sanannen abu ne a sira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan hau zuwa kogon Hira ya keɓe kafin a aiko shi. Tafiyar da aka yi da kyakkyawar niyya, aka kiyaye lokutan salla, aka dawo da lafiyar jiki da natsuwar zuciya, ba mai adalcin da zai sa ta cikin lagawu.

Mu dubi abin da wasu suka yi da nasu. A jihar Arizona ta Amurka akwai wani makeken kwazazzabo a cikin hamada, wanda kogin Kolorado ya rarake, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi. Gwamnatinsu ta killace shi a 1919, yau kuwa miliyoyin mutane ne suke ziyartarsa kowace shekara, da yawansu don su sauka da ƙafa su hawo a yini guda, suna kallon tumakin dutse da manyan tsuntsaye. Masu kula da wurin suna gargaɗin baƙi cewa hawowa takan ci ninki biyu na lokacin sauka, kuma a guji tafiya da tsakar rana lokacin zafi. Kusa da mu ma, a ƙasar Agadas, duwatsun Azbin da hamadar Tenere sun shiga jerin wuraren gado na duniya tun 1991. Namu duwatsun ba su kai waɗannan girma ba, wannan ba a musu. Amma wanda yake neman lafiyar jikinsa da sanin ƙasarsa, abin da yake bukata shi ne tudun da zai iya isa gare shi bayan sallar asuba ya dawo gida kafin azahar, wannan kuwa muna da shi a bakin ƙofa.

Abin gani kuma bai yi ƙaranci ba ga mai haƙuri. Masu ba da labarin kaka da kakanni suna cewa wani maharbi ne, Duna Magu, ya fara zama a Dutse saboda yawan namun dajin da ya tarar, musamman gada. Yau gada da barewa sun yi nisa, amma wanda ya fita da sassafe, ya rage surutu, ya sami inuwar dutse ya zauna, yana iya ganin kurege da zomo da damo, da guza tana shan hantsi, da fakara da hasbiya, da cilakowa a kan tsamiya, da shaho yana shawagi. Idan ya yi sa'a ya hangi rema a tsagin dutse. Da gabatowar damina shamuwa takan iso, kamar yadda ta saba tun zamanin kakanni. A kudu da Dutse, a Birnin Kudu, akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka shuɗe suka zana shanu marasa tozo a jikin kogo, ga kuma duwatsu masu amo kamar kuge in an buga su, waɗanda masanin tarihi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya labarinsu a tsakiyar shekarun 1950. Wanda kuma ya fi sha'awar tsuntsayen ruwa, sai ya nufi Baturiya a ƙasar Haɗeja da hunturu, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai suke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru; ita Baturiya kuwa an sa ta cikin fadamu masu muhimmanci na duniya a 2008.

A nan ne hujjata mafi ƙarfi take. Abin da mutane ba su sani ba, ba sa kishinsa. Abin da ba sa kishinsa kuwa, ko an hallaka shi a gabansu ba za su ce uffan ba. Ana fasa duwatsu ana kwasar tsakuwa don gini, ana sare itatuwa don gawayi, ana cinna wa daji wuta don kamun gafiya, samari suna fita farauta da karnuka ba su bar babba ba su bar ƙarami. Ungulu da a da take cika mahauta, yanzu yara da yawa ba su taɓa ganinta ba. Ba na cewa a hana gini ko a hana talaka neman abinci, amma shari'a ta hana israfi da fasadi a bayan ƙasa, kuma ɗan Adam amana aka ba shi. Ranar da malamai da ɗalibai da ma'aikata suka saba da hawan wani dutse, suka san tsuntsayensa da itatuwansa da sunayensu, ran nan dutsen ya sami masu tsaya masa idan aka zo da injin fasa shi.

Sai dai tafiyar tana da ladubbanta, wanda ya raina su kuwa ya ɗauko wa kansa wahala. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, dutse kuma yakan riƙe zafi ya mayar wa mai takawa, saboda haka sai a fita da duku-duku a sauko da hantsi. Da damina kuwa fa yana santsi, korama tana iya cika ba zato. A ɗauki ruwa isasshe da dabino ko ƙuli-ƙuli, a sa takalmi rufaffe da malafa, a riƙe sanda. Kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, don kububuwa da kasa da kunama can suke fakewa. In kuwa tsautsayi ya auku, asibiti za a nufa nan take, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa. Kada mutum ya tafi shi kaɗai, kuma a gai da mai unguwa a sanar da shi kafin a shiga ƙasarsa, a kauce wa shuka, a dawo da leda da gora gida. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya nemi shawarar likita tukuna, ya fara da jigawar bayan gari kafin ya tunkari dutse.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jiha da Masarautar Dutse da su ware wasu duwatsu a hana fasa su da farauta a cikinsu, a share ƙananan hanyoyin ƙafa, a kuma ɗauki maharban gargajiya su zama jagorori da lada, tun da babu wanda ya fi su sanin sawun dabba da maɓoyarta. Ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ta rubuta mana sunayen tsuntsaye da dabbobin wannan yanki da Hausa, a raba wa makarantu. Shugabannin makarantun boko da na Islamiyya kuma, na maza da na mata, su riƙa fita da ɗalibansu ko sau ɗaya a zango, bisa tsari da kamun kai. Kai kuma mai karatu, kada ka jira gwamnati: ka nemi abokai biyu ko uku, ku zaɓi Asabar ɗaya cikin hunturun nan, ku ajiye babur, ku hau dutsen da ya fi kusa da ku. Allah ya ba mu lafiya da ikon kiyaye amanarsa.