A Daina Rushe Masallatan Ƙasa

Bara, a wani ƙauye tsakanin Madarunfa da Ɗan Isa, ina tsaye aka sa diga da shebur a masallacin da kakannin mutanen garin suka gina. Wani attajiri ɗan garin ne ya ɗauki nauyin sabon gini na bulo da kwano, Allah ya saka masa gwargwadon niyyarsa. Amma kafin la'asar, bakan gizon da ke riƙe da rufin tun ba a haifi liman ba ya zama tsibin ƙasa. Ba wanda ya ɗauki hoto, ba wanda ya tambayi sunan maginin. Da na yi magana sai wani ya ce mini: "Malam, ai ginin ƙasa na matalauta ne." Wannan maganar nake son in amsa.

Waɗanda muke kwaikwayo sun riga mu yin wannan ɓarna, sun kuma riga mu cizon yatsa. A ƙarni na 11 da na 12 Turawa sun yi ta gina majami'u na dutse, masu kaurin bango da ƙananan tagogi da baka mai siffar rabin da'ira, salon da daga baya aka jingina wa Rumawa. Mafi girmansu ita ce ta Cluny a Faransa, wadda aka aza harsashinta a 1088. Bayan juyin juya halin 1789 aka sayar da ita a 1798, aka shafe fiye da shekara 20 ana farfasa ta ana sayar da duwatsun. Abin da ya tsira bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Da hankali ya dawo, a 1840 gwamnatin Faransa ta fitar da jerin farko na gine-ginen da za a kare, a shekarar kuma aka tura Viollet-le-Duc ya ceci majami'ar Vézelay da ke gab da faɗuwa. A 1979 UNESCO ta sa Vézelay cikin kayan gadon duniya. Cluny kuwa, kuɗi ba su iya tada ta.

Mu ma muna da namu bakan, kuma ba aro muka yi ba. Bature ya sassaƙa duwatsu su tokare juna; maginin Hausa ya tsaga giginya ya fid da azara, wadda gara ba ta cika ci ba, ya dasa ta a bango, ya ɗora wata ta ɗan zarce ta ƙasa, ya ɗaure ya lulluɓe da laka, har hannu biyu su gamu a tsakiya. In bakuna suka gitta juna, ga ɗaurin guga. Da makubar ɗorawa da katsin marina ake shafe bango don ruwa ya zame. Da wannan ilmi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Hasumiyar Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, tana nan tsaye tun gyaran 1844. A Yama, jihar Tawa, Falke Barmu ya fara masallacinsa a 1962, a 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Wane talauci ne ke haifar da irin wannan?

Masu rushewa suna da hujjoji biyu, ba kuwa na raina su. Ta farko: ruwa na cin ƙasa. Gaskiya ne, mutanen Maraɗi sun fi kowa sani, tunda ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta cinye tsohon gari aka koma kan tudu. Amma darasin wannan shekara shi ne a zaɓi wurin gini, a gyara indararo, a yi yaɓe kafin damina. Bulon da aka ƙwarar da siminti a cikinsa ma yana tsagewa, rufin kwano kuwa kowa ya san azabarsa a sallar azahar ta watan Afrilu. Ta biyu: jama'a ta ƙaru, masallaci ya yi kaɗan. To, a gina sabo a gefe. Haka aka yi a Dandaji a 2018, inda Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka tsara sabon masallaci da bulon ƙasa, aka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu. Jama'a ta sami fili, tarihi bai yi hasara ba.

Tun 2006 Nijar ta gabatar da tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Da wane ido za mu roƙi duniya ta girmama kushewar magabatanmu, alhali da hannunmu muke baje inda suka yi sujada?

Ya ku malaman makaranta, wannan aiki bai jiran kasafin kuɗi. Kowane malami ya fita da ɗalibansa su ƙirga tsofaffin masallatai da zaurukan garinsu, su auna su, su zana su, su rubuta sunan magini daga bakin dattawa. Ku kuma ƙungiyoyin al'adu, ku nemo tsofaffin magina tun suna da ƙarfin hawa bango, ku haɗa su da samari, ku maido da gayyar yaɓe. Ku je wurin hakimai da magadan gari ku nemi ƙa'ida ɗaya: kada a taɓa tsohon gini sai an zauna an yi shawara. Attajirin da ke neman lada a nuna masa cewa gyara ma sadaka ce mai gudana.

Kafin a ɗaga diga a gari na gaba, a sami ko mutum ɗaya da zai tsaya a ƙofar masallacin ya ce a dakata.