Ja da Baya ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

Tun ina aji uku na sakandare mahaifina yake kirana "Dokta". Da na samu gurbin karatun likitanci, har rago aka yanka a gidanmu. A shekara ta biyu, ina tsaye gaban gawa a ɗakin fiɗa da wuƙa a hannu, na amsa wa kaina abin da na daɗe ina ɓoyewa: ba na son wannan aiki. Ban faɗi jarrabawa ba, ba a kore ni ba. Da ƙafata na je na nemi komawa Sashen Tarihi. Wata huɗu mahaifina bai amsa gaisuwata ba, gwaggona kuwa ta rantse sammu aka yi mini.

Na rubuta wannan ne domin in ƙalubalanci hukuncin da al'ummarmu ke yanke wa duk ɗalibin da ya sauya fanni, cewa ko dai daƙiƙi ne ko kuma butulu. Hukuncin zalunci ne, kuma ga dalilina.

Mu tambayi kanmu, wa ya yi zaɓin farkon? Yaro ɗan shekara 16 ko 17 ne yake cike takardar JAMB, bai taɓa kwana a asibiti yana jinya ba, bai taɓa shiga kotu ba. Sau da yawa uba ne ke faɗa, yaro na rubutawa. Wani kuma ya nemi likitanci, guraben suka cika, jami'a ta jefa shi wani sashen da bai taɓa jin sunansa ba, aka ce ya karɓa ya gode wa Allah. To, idan bayan shekara biyu wannan yaro ya ce ya gane inda ya dosa, ai a ranar ce ya fara zaɓi da hankalinsa. Me ya sa za mu girmama zaɓin ƙuruciya, mu tsine wa na hankali?

A 1948 wani saurayi ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan da tallafin karatun likitanci. Bayan shekara guda ya koma nazarin Ingilishi da tarihi da addini, ya kuma rasa tallafin saboda haka. Sunansa Chinua Achebe. Shekara goma da shigarsa kwalejin ya fitar da Things Fall Apart, littafin da aka fassara zuwa harsuna fiye da 50. Da ya ji tsoron bakin mutane, da wataƙila Nijeriya ta samu ƙarin likita ɗaya mai aiki ba da son ransa ba, ta yi asarar marubucin da ya kai sunanta ko'ina.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma ban raina shi ba. Sauya fanni yana cin kuɗi, yana cin lokaci. Ni kaina shekara guda na rasa, sannan yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ƙara cinye mana wata takwas. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa. Uban da ya sayar da amfanin gonarsa ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya ji ciwo. Amma a ɗora abin a kan sikeli: shekara guda a gefe ɗaya, shekara 35 na aikin da mutum ya tsana a ɗaya gefen. Kuma ba shi kaɗai zai biya ba. Majinyacin da ya faɗa hannun likitan da aka tilasta wa likitanci shi ne zai biya sauran bashin, da tsawa da sakaci.

Ban ce duk wanda darasi ya yi wa tsauri ya tattara ya gudu ba. Akwai mai gudun wahala, kuma wahala tana jiransa a kowane sashe, domin tarihi ma ba tatsuniya ba ne. Maganata a kan wanda ya gwada ne, ya iya, ya kuma tabbatar zuciyarsa ba ta wurin.

Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu su daina mayar da sauya sashe tamkar neman afuwar mai laifi. A bayyana ƙa'idojin a fili, a lissafa wa ɗalibi darussan da ya riga ya ci, a kuma ba shi mashawarci tun zangon farko. Iyaye kuma su tuna cewa sunan "Dokta" su ne za su yi alfahari da shi a wurin ɗaurin aure, amma ɗansu ne zai tashi da shi kowace asuba.

Yau ina koyar da tarihin Daular Usmaniyya a wata makarantar sakandare. Albashina bai kai na abokan karatuna na dā ba, ban kuma ɓoye wa kowa haka ba. Kwanan baya mahaifina ya sa na zauna na warware masa yadda aka yi yaƙin Tafkin Kwatto a 1804. Da na gama, ya yi shiru, sannan ya ce, "Madalla, Malam."