Sanarwar bayan taro kan yara masu in'ina da nauyin baki a jihar Agadas

Mu iyaye da malaman lakwal da ma'aikatan lafiya, 'yan ƙungiya ɗaya, mun zauna a Agadas ranar 22 ga Oktoba, ranar da duniya ta keɓe wa masu in'ina tun 1998. Ga abin da taro ya tsayar.

In'ina takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kusan yara 5 cikin 100 takan taɓa, amma yawancinsu takan sake su don kanta. Sai dai ba kowa take saki ba: 'yan mata sun fi rabuwa da ita, shi ya sa cikin manya masu in'ina ake samun maza uku ko huɗu ga mace guda. Yaron da ake in'ina a danginsu, ko wanda ya shekara tana tare da shi, shi ne bai kamata a ce masa "zai bari in ya girma" ba.

Wata malama ta ba mu labarin ɗalibinta. Ya san amsa sarai, yana ɗaga hannu, amma in harafin farko ya maƙale sai ya runtse ido, leɓe na rawa, aji ya kwashe da dariya. Yau ko kiran suna ba ya amsawa. Wannan ya taɓa mu ƙwarai.

Taro ya yi watsi da zancen cewa haɗa Hausa da Tamashak da Faransanci ke kawo in'ina. Kada a raba yaro da harshen uwarsa. Haka duka da tsawa, ko kai shi ga wanzami a yi masa yanka a baki, ba sa warkar da in'ina.

Nauyin baki kuwa wani ciwo ne daban. Yaro mai nauyin baki da ya yi sanƙarau ko kunnensa ke zubar mugunya, a fara auna jinsa. 'Ya'yan makiyaya na wajen Ingal da duwatsun Ayar sun yi nisa da wannan awo.

Muna roƙon malamai su bar yaro ya ƙarasa maganarsa, kada a cika masa. Muna kira ga hukumomin lafiya da na ilimi su horar da masu gyaran magana a nan jihar, domin ba kowane uba ke da kuɗin motar Yamai ba.

Sa hannu: Sakataren ƙungiya, a madadin mahalarta taro