Fitilar gaggawa da ba a gwada ta, ado ce kawai a bango

A bankuna, otel-otel, manyan kantuna da ɗakunan biki na Yamai, Maraɗi da Damagaram, akan ga wani ɗan akwati a saman ƙofa, da koren allo mai hoton mutum yana gudu. Masu aikin wuta da suka koyi sana'ar da Faransanci suna kiran sa BAES. Aikinsa guda ɗaya ne: in kuran ya ɗauke, ya kunna kansa da batirin da ke cikinsa, ya nuna wa jama'a hanyar fita. An saye shi, an kafa shi ranar da aka gama gini, mai gida ya biya kuɗinsa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, yaushe rabon da wani ya gwada ko yana aiki? Mai ginin da ba shi da amsar wannan tambaya bai san ko fitila yake da ita ba ko kuwa roba ce maƙale a bango.

Gobara da duhu tare suke zuwa. Sau da yawa daga wayoyin lantarki wutar ke tashi, kuma ko daga wani wuri ta taso, tana cin waya nan da nan. In ma ba ta ci ba, katse kuran na cikin abubuwan farko da ake yi kafin a watsa ruwa, don kada lantarki ya kama masu kashe wutar. Ke nan a daidai lokacin da mutane suka fi bukatar gani, a lokacin ne ginin ke yin baƙi ƙirin, ga hayaƙi yana cika sama yana saukowa. Masu cewa ai akwai gurup a bayan gida sun manta cewa wutar gurup ta waɗannan wayoyin da suka ƙone take bi. Ko a ranar da babu gobara, gurup mai tashi da kansa yana ɗaukar ƴan daƙiƙoƙi, wanda kuma sai mai gadi ya je ya tayar yana ɗaukar mintoci. A matakalar bene mai cike da mutane, minti ɗaya cikin duhu ya isa wani ya faɗi, na bayansa su taka shi.

Ƙasashen da suka wajabta wannan fitila da gawawwaki suka koyi darasin. A watan Nuwamban 1942 gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove a birnin Boston na Amurka, fitilu suka mutu, mutane suka cunkushe a ƙofofi, mutum 492 suka rasu. Daga cikin gyaran da ya biyo baya har da tilasta wa wuraren taruwar jama'a su mallaki hasken gaggawa da bai dogara da wutar gari ba.

Abin lura shi ne dokokin ba su tsaya a kan kafa fitilar ba, sun fi matsawa a kan gwada ta. A Faransa, ƙa'idar gine-ginen da ke karɓar jama'a ta ce fitilar nuna hanya ta ba da hasken lumen 45 na tsawon awa ɗaya, kada tazarar da ke tsakanin biyu ta wuce mita 15. Kowane wata a katse mata wuta a ga ta kunna, kowane wata 6 kuma a bar ta a kan batiri a ga ta cika awa ɗayan, a rubuta sakamakon a cikin kundin tsaro na ginin. A Amurka gwajin wata na daƙiƙa 30 ne, na shekara kuma minti 90. A Ingila gwajin shekara yakan kai awa 3. Alƙaluman sun bambanta, amma dalilin ɗaya ne: batiri yana mutuwa a ɓoye. Fitilar da batirinta ya gaji za ta iya kunnawa da kyau na minti biyu, mai dubawa ya gamsu ya wuce, ta mutu a minti na biyar. Gwajin dogon lokaci ne kaɗai ke tona wannan asiri.

Waɗannan ƙa'idoji an tsara su ne don ƙasashen da ɗaukewar wuta labari ne da ake bayarwa a jarida. A Nijar lamarin ya fi haka tsanani, kuma a nan ne wasu masu gine-gine ke yaudarar kansu. Sukan ce wace bukata ce ta gwaji, tunda NIGELEC tana gwada musu kyauta kusan kullum? Gaskiyar maganar akasin haka ce. Batirin da ke cikin wannan akwati an yi shi ne don ya zauna a cike, ya yi aiki jefi-jefi. Duk lokacin da wuta ta ɗauke har ya ƙare ƙarƙaf, wani ɓangare na ƙarfinsa ya tafi ke nan. Bayan ya ƙare kuma yana bukatar awa 12 zuwa 24 a kan wuta kafin ya sake cika. In wuta ta dawo na awa 3 ta sake tafiya, fitilar ba ta da abin da za ta bayar a karo na biyu.

Kowa ya tuna abin da ya faru daga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa a lokacin, kuma sai a farkon 2024 aka janye takunkumin. Watanni ne na rabon wuta unguwa-unguwa. Duk fitilar gaggawar da ta ratsa wannan lokaci ba a canza mata batiri ba, ya kamata a ɗauke ta a matsayin abin zargi har sai gwaji ya wanke ta.

Ga kuma zafi. Masu ƙera batirin dalma sun daɗe suna cewa duk ƙarin maki 10 ko kusa da haka a kan maki 25 yana rage rabin rayuwar batiri. Sauran nau'o'in sun fi juriya, amma babu wanda zafi ba ya ci. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a inuwa, akwatin da ke maƙale can kusa da rufin kwano yana shan abin da ya fi haka. Shekaru 4 da akan ƙiyasta wa irin wannan batiri a Turai, ba hikima ba ce a dogara da su a Tawa ko Agadas. Ƙurar hunturu ma tana nata aikin, tana rufe allon har hoton ya dushe.

Akwai wata al'ada mai kyau da ke kashe fitilun nan ba tare da an sani ba. Ƴan kasuwa da yawa, saboda tsoron gobarar dare, sukan kashe babban makunnin wuta in za su rufe shago. Tsoron yana da tushe, domin Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa kuma a 2012. Sai dai fitilar gaggawa ba ta san bambancin mai shago da gobara ba. Da an kashe makunnin sai ta kunna, ta haska wa bango har batirinta ya ƙare, kowane dare. Maganin wannan yana nan tun da daɗewa: wata ƴar na'ura ce da ake kafawa a akwatin wuta, ana danna ta bayan an katse kuran, ta sa fitilun duka su huta. Mai aikin wutar da ya kafa fitilu bai kafa ta ba, ko ya kafa bai nuna wa mai gadi amfaninta ba, rabin aiki ya yi.

Hujjar da ta fi yawa a bakin mutane ita ce, yanzu kowa na da tocila a salularsa. Haka ne, kuma tana taimakawa. Amma tocila tana nuna wa mutum ƙasan da yake takawa ne kawai, ba ta gaya wa baƙon da ya sauka a otel daren jiya cewa akwai wata matakala a ƙarshen baranda ta hagu. Mutum a firgice ƙofar da ya shigo ta ita yake nufa, shi ya sa ɗaruruwa ke cunkushewa a ƙofa ɗaya alhali wata tana nan babu kowa. Matar da ta goya ɗa ta riƙe wani a hannu kuwa ba ta da hannun laluben salula.

To, wa ke da alhaki? A benaye masu shaguna da ofisoshi da yawa, kowane ɗan haya yana kula da cikin ɗakinsa, baranda da matakala kuma sun zama na kowa, wato ba na kowa ba. Ya kamata takardar haya ta faɗi ƙarara cewa hasken hanyoyin fita yana wuyan mai gini. Hukumomin magajin gari da ma'aikatar kare fararen hula su ma suna da abin yi, amma a yi hattara: bincike mai takardu barkatai yakan rikiɗe ya zama hanyar karɓar na goro. Abin da ya fi sauƙi ya fi wuyar murɗewa. Jami'i ya nemi kundin gwaji, ya kashe makunnin fitilu a gaban mai gini, a duba agogo tare. Kamfanonin inshora ma za su iya neman wannan kundi kafin su sabunta yarjejeniya.

Gwajin wata ba ya bukatar injiniya. Mai gadi ko wani ma'aikaci zai iya zagayawa da littafi, kowace fitila da lambarta, ya rubuta wadda ta kunna da wadda ta ƙi. Sabbin akwatuna ma suna gwada kansu, kore in lafiya, rawaya in akwai matsala, sai dai har yanzu sai wani ya ɗaga kai ya duba. Gwajin awa ɗaya kuwa a yi shi bayan an tashi daga aiki, a ranar da ginin zai kwana babu jama'a, don batiri ya samu lokacin cika kafin a buɗe ƙofa. Ga yanayin Nijar, Fabrairu ya dace da zagaye na farko, kafin zafi da yawan ɗaukewar wuta su kankama, na biyu kuma a watan Agusta, a ga abin da bazara ta bari.