Ƙiba Ba Ita Ce Shaida Ba

Maganarmu ta yau a kan masu shan maganin cutar ƙanjamau ce, da wata ɗabi'a da muke so a bari. Mace ta sha magani wata shida, ta yi kumatu, fata ta yi sheƙi, maƙwabta suna ta yi mata barka da murmurewa. Sai ta ɗauka shi ke nan, ta daina zuwa awon jini. To, madubi ba ya nuna abin da ke cikin jini.

A jinin kowa akwai waɗansu fararen ƙwayoyi da likitoci ke kira CD4. Su ne ke tara sauran dakarun jiki idan cuta ta kawo hari, kuma cikinsu ne ƙwayar HIV ke shiga ta hayayyafa har ta hallaka su. A ɗigon jinin da bai kai ƙwayar gero ba, mai lafiya tana da kamar 500 zuwa 1,500. In suka sauka ƙasa da 200, ƙofa a buɗe take ga tarin fuka da sanƙarau, alhali kuwa mace tana iya kasancewa tana daka tana surfe, ba ta jin komai.

Dā sai adadin nan ya faɗi ake fara magani. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk wanda aka samu da cutar, ba jira. Duk da haka ana auna CD4 a farko, da kuma lokacin da mai tsallake magani ta dawo, domin a san ɓarnar da aka yi.

Amma fa CD4 mai nawa ne wajen hawa. Zazzaɓi kan saukar da shi, haka ma juna biyu, don haka kada a tayar da hankali kan awo guda. Tun 2013 hukumar ta fifita wani awon, wato na yawan ƙwayar cutar kanta a jini: bayan wata shida da fara magani, bayan shekara, sannan shekara-shekara. Wannan so ake ya yi ƙasa har na'ura ta kasa gani. In ya haura 1,000, za a binciki yadda kike shan magani, a sake awo bayan wata uku, in bai sauka ba a sauya miki wani. Mai ciki kuwa, saukar lambar nan ita ce kariyar jaririnta.

Mun san abin da ke hana zuwa: kuɗin mota, idon kishiya, da maigida mai cewa "ai kin warke". Malam, ka bar ta ta je, kai ma ka bi ta. 'Yan makarantar kwana da aka haifa da cutar, a daidaita ranar awo da hutu.

In kin je, kada kunya ta hana ki tambayar malamar asibiti lambobin nan biyu. Ki sa ta rubuta miki su da kwanan wata, ki adana don zuwa na gaba.